Bashin banki da gwanjon gidaje a unguwannin masana'antun Kano

A unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa da ke birnin Kano, da wuya a yi tafiya mai nisa ba a ga ƙofar kamfanin da aka garƙame ba, ko kuma wanda aka kwashe injinansa aka mayar da shi wurin ajiye kayan da ake shigowa da su daga ƙasashen waje.

Dalilan da aka fi ambatawa su ne rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri da tsadar canjin kuɗi. Amma bayan an rufe ƙofa, akwai wata rigimar da ke ci gaba shekara da shekaru a kotuna, wato ta bashin banki da kadarorin da aka jinginar domin samun sa.

Sau da yawa kadarorin sun wuce filin masana'anta da injinan da ke ciki. Bankuna kan buƙaci mai kamfani ya tsaya wa bashin da kansa, ya kuma kawo takardar mallakar gida, nasa ko na wani ɗan'uwa. Ta haka ne durƙushewar kamfani a Sharaɗa kan kai ga tallar gwanjon gidan da iyali ke zaune a ciki a Nasarawa ko wata unguwa.

Yadda bashin ya taru

Bompai ita ce mafi daɗewa cikin unguwannin uku, domin tun zamanin Turawa aka fara kafa kamfanoni a cikinta. Sharaɗa da Challawa sun bunƙasa ne daga baya, lokacin da arzikin man fetur ya ba masu jari damar sayo injina da sauƙi. Masaƙu da kamfanonin roba da na man gyaɗa da na alewa sun yawaita, yayin da Challawa ta shahara da kamfanonin jimar fata.

Lissafin ya sauya a 1986, sa'ad da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi. A 1987 kuma aka sakar wa bankuna mara wajen yanka kuɗin ruwa. Wanda ya ci bashi don sayo inji da dala sai ya wayi gari yana biyan ninkin abin da ya tsara, a kan ruwan da banki ke iya ɗagawa ba tare da an sake zama ba.

A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, a watan Janairun 2005 kuma aka kawo ƙarshen tsarin ƙayyade cinikin tufafi na duniya, abin da ya buɗe wa kayan Sin hanya. Masaƙun Kano, waɗanda ke dogaro da janareta da baƙin mai, sun kasa gogayya.

A daidai wannan lokaci ne bankunan da ke da hedkwata a Kano suka ɓace. Bayan da gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Farfesa Charles Soludo, ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira miliyan dubu 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Bank of the North da Tropical Commercial Bank na cikin bankuna tara da suka narke suka zama Unity Bank a 2006. Daga nan shawarar yi wa mai bashi sassauci ko tsanantawa ta bar hannun manajan da ya san shi, ta koma ofisoshin Legas da Abuja.

Jayayya kan lissafi

Tushen ƙararraki da dama shi ne tambaya guda: nawa ne ainihin bashin?

Yawancin kamfanoni suna aiki ne da asusun da banki ke ba su damar cire fiye da abin da ke ciki. A kan irin wannan asusu ana ɗora ruwa a kan ruwa duk wata, ana ƙara tarar jinkiri, da kuɗin kula da bashi, da kuɗin sabunta shi. Shekaru da dama kuma bankuna sun riƙa cirar naira 5 a kan kowace naira 1,000 da ta fita daga asusu, wato kuɗin da ake kira COT, kafin Babban Bankin ya fara rage shi a 2013, ya soke shi a 2016, ya maye gurbinsa da kuɗin kula da asusu na naira 1.

Babban Bankin yana da jadawalin cajin da aka yarda banki ya yi, kuma a 2012 ya kafa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Tun daga lokacin ya sha tilasta wa bankuna mayar da kuɗaɗen da suka cira ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ya tabbatar da cewa wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafen masu bashi suna da tushe.

Illar irin wannan cira ta wuce adadin da aka cira. Idan aka zare wa kamfani naira miliyan ɗaya ba bisa ƙa'ida ba a asusun da ake binsa bashi, wannan miliyan ɗin ita ma za ta riƙa haihuwar ruwa. Bayan shekaru goma tana iya zama kaso mai tsoka na adadin da banki zai rubuta a takardar gargaɗin sayar da gida.

Sai dai gano hakan yana buƙatar akanta ya bi bayanan asusu layi bayan layi, kuma kamfanin da ya rufe, ma'aikatansa suka watse, ba kasafai yake da cikakkun takardu ko kuɗin biyan akanta ba. A 2015 kuma Babban Bankin ya sanya wa'adin shekaru shida na shigar da irin wannan ƙorafi a gabansa.

Dokar 1881

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dokar da ke tafiyar da jinginar ƙasa a akasarin jihohin arewa, ciki har da Kano, doka ce da majalisar Ingila ta yi a 1881. Ta shigo Nijeriya ne cikin dokokin da ke aiki a Ingila a ranar 1 ga Janairun 1900. Ingila kanta ta sauya ta tun 1925.

A ƙarƙashin wannan doka, idan an yi cikakkiyar jingina a rubuce aka yi mata rajista, banki na da ikon sayar da kadara ba tare da zuwa kotu ba. Sharaɗin shi ne lokacin biya ya yi, sannan an ba mai bashi gargaɗin wata uku, ko kuma kuɗin ruwa ya yi wata biyu ba a biya ba, ko an saɓa wani sharaɗi na yarjejeniyar. Amma dokar ta bar ƙofa a buɗe a sauya waɗannan sharuɗɗa, kuma lauyoyin bankuna kan rubuta takardar jingina ta yadda gargaɗin zai gajarce ko ya faɗi gaba ɗaya. Mai neman bashi da ke cikin matsi bai cika tsayawa karanta wannan sashe ba.

Idan kuwa takardar gida kawai aka ajiye wa banki ba tare da cikakkiyar jingina ba, to sai banki ya nemi umarnin kotu kafin ya sayar.

Dokar 'yan gwanjo ta tanadi a yi sanarwar kwana bakwai a bainar jama'a kafin a yi gwanjon fili ko gida. Amma a shari'ar Okonkwo da bankin Cooperative and Commerce a 2003, Kotun Ƙoli ta ƙi rushe cinikin da aka yi ba tare da cika wannan sharaɗi ba. Tun a 1973 ma, a shari'ar Eka-Eteh, kotun ta ce arha kaɗai ba ta isa a rushe ciniki ba, sai an nuna zamba ko haɗin baki, ko kuma farashin ya yi ƙasa ƙwarai har ya zama alamar zamba.

Ma'anar wannan ga mai gida ita ce, da zarar gida ya shiga hannun wanda ya saya da zuciya ɗaya, abin da ya rage masa yawanci shi ne neman diyya daga banki. Zargin da masu bashi suka fi yi, cewa an karyar da kadara an sayar wa wani na kusa da jami'an banki, yana da wuyar tabbatarwa, domin takardun ƙiyasin farashi da na cinikin duka suna hannun wanda ake zargi.

Sa hannun gwamna

Su ma masu bashi suna da nasu makamin. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, sashe na 22 kuma ya hana jinginar da fili a birni sai da amincewarsa. Sashe na 26 ya ce duk cinikin da ya saɓa wa dokar ya ɓaci.

A 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, wani mutum da ya jinginar da gidansa a Legas ya hana banki sayarwa da hujjar cewa ba a samu amincewar gwamna ba, ko da yake shi ne doka ta ɗora wa nauyin nemo ta. Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya. Hukuncin ya girgiza bankuna, domin ya nuna cewa mutum zai iya karɓar kuɗi sannan ya fake da kuskuren da shi ne ya yi.

Daga baya kotun ta sassauta. A shari'ar Awojugbagbe a 1995 ta ce ba laifi ba ne a sa hannu kan takardar jingina kafin amincewar ta fito, muddin an same ta daga bisani. A shari'ar Ugochukwu a 1996 ta nuna rashin yarda da mai bashi ya ci ribar gazawarsa. Amma a 2007, a shari'ar Union Bank da Ayodare, ta sake rushe jingina saboda jami'in da ya sa hannu kan amincewar ba shi ne wanda gwamna ya wakilta ba.

Wannan kai-komo ya sa kowane ɓangare na ganin yana da abin kamawa, shari'a kuma ta yi ta tafiya daga babbar kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa Kotun Ƙoli. A tsawon wannan lokaci injina na yin tsatsa, rufi na yoyo, ruwan bashi kuma bai tsaya ba. Kadarar da za ta iya biyan bashin a shekarar farko takan kasa biyan rabinsa a shekara ta goma.

Abin da ya faru a Amurka

Matsalar takardu ba ta taƙaita ga Nijeriya ba. Bayan rikicin kuɗi na 2008, bankunan Amurka sun shiga ƙwace gidaje da yawan gaske. A watan Satumban 2010 aka bankaɗo cewa wani ma'aikacin kamfanin GMAC yana sa hannu kan takardun rantsuwa kimanin 10,000 a wata ba tare da ya duba abin da ke cikinsu ba. GMAC da JPMorgan Chase da Bank of America suka dakatar da ƙwace gidaje na wani lokaci.

A watan Janairun 2011 babbar kotun jihar Massachusetts ta rushe ƙwace wasu gidaje biyu, saboda bankunan US Bank da Wells Fargo sun kasa nuna cewa jinginar tana hannunsu a lokacin da suka yi gwanjon. Bashin ya yi ta sauya hannu daga wannan kamfani zuwa wancan har aka rasa zaren takardun. A watan Fabrairun 2012 manyan bankuna biyar suka amince da sulhun dala miliyan dubu 25 da gwamnatin tarayya da jihohi 49.

Babu wanda ya musanta cewa yawancin masu gidajen ana bin su bashi. Abin da kotun ta tsaya a kai shi ne, wanda zai raba mutum da gidansa dole ne ya fara tabbatar da haƙƙinsa na yin hakan.

Wannan batu ya shafi Kano kai tsaye. Bashin da aka ci a wani reshe a shekarun 1990 yana iya bin banki zuwa cikin haɗakar 2005, daga nan a sayar da shi ga wata hukuma, kuma a kowane mataki fayil na iya rasa takarda.

Zuwan AMCON

A ranar 14 ga Agustan 2009, gwamnan Babban Bankin na lokacin, Malam Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar: Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank. Kafin ƙarshen shekarar an zuba naira miliyan dubu 620 don ceto bankunan da suka raunana. Bincike ya nuna cewa wasu shugabannin sun ba kamfanonin da ke da alaƙa da su bashi ba tare da jingina ta kirki ba. A watan Oktoban 2010 kotu ta yanke wa tsohuwar shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ɗaurin wata shida, ta kuma miƙa kadarori na kimanin naira miliyan dubu 190.

A 2010 aka kafa hukumar AMCON domin saye munanan basussukan bankuna. Ta sayi basussuka fiye da 12,000 daga bankuna 22 a kan kimanin naira tiriliyan 1.8, sannan ta shiga neman kuɗinta daga masu bashin.

Da karɓar kuɗin ta yi wuya, majalisa ta ƙara mata ƙarfi a 2015 da 2019 da 2021. Gyaran 2019 ya ba ta ikon sayar da kadara ko da takarda kawai aka ajiye wa banki, ya cire wa basussukanta wa'adin da doka ke sanyawa na shigar da ƙara, ya kuma hana kotu dakatar da ita daga sayarwa, ya bar wa mai ƙorafi neman diyyar kuɗi kawai. Gyaran 2021 ya ba ta damar kama kadarar da aka gano ta mai bashi ce ko da ba ita aka jinginar ba. Tana kuma iya samun umarnin kotu na karɓe kadara kafin a saurari ɗaya ɓangaren.

Hukumar ta sha bayyana cewa mutane da kamfanoni 350 ne ke riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da take bi. Domin waɗannan manya aka ƙera dokar, amma kaifinta iri ɗaya ne a kan mai ƙaramin kamfanin roba a Sharaɗa, wanda ba shi da tawagar manyan lauyoyi.

Hujjar bankuna

Bankuna na da amsa, kuma ba ta rasa nauyi ba. Kuɗin da suke bayarwa na masu ajiya ne, kuma idan ba a biya ba talaka ne ke asara, kamar yadda aka gani a watan Janairun 1998 lokacin da aka soke lasisin bankuna 26 a rana ɗaya. Suna kuma nuni da masu bashin da ke karkatar da rancen masana'anta zuwa sayen filaye ko shigo da kaya, da waɗanda ke kawo takardar gida ɗaya ga bankuna biyu, da waɗanda ke amfani da kotu don sayen lokaci kawai.

A ganinsu, wahalar sayar da jingina ce ke sa ruwa tsada, take kuma sa su gwammace ba gwamnati bashi a kan ba masana'anta. Hatta kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano, KEDCO, bai tsira ba: a watan Yulin 2022 bankin Fidelity ya karɓe hannun jarin da masu kamfanin suka jinginar masa saboda bashin da suka ci lokacin sayen sa.

Gwamnati ta gwada sassautawa. A 2010 Babban Bankin ya ware naira miliyan dubu 200 ta hannun Bankin Masana'antu domin sake tsara basussukan kamfanoni a kan ruwa kashi 7 cikin ɗari, aka kuma kafa asusun naira miliyan dubu 100 na auduga da masaƙu. Kuɗin sun taimaki waɗanda ke da sauran numfashi, amma ba su gyara wuta ba, ba su kuma tsayar da fasa-ƙwauri ba.

Matsin ya sake dawowa bayan sakin naira a watan Yunin 2023. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kowane ma'auni, a watan Nuwamban shekarar kuma ruwan da Babban Bankin ke ƙayyadewa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari.

Gado da addini

A Kano batun yana da wata fuska da dokar 1881 ba ta hango ba. Gidan da mai kamfani ya jinginar sau da yawa gida ne na mata da 'ya'ya da sauran dangi. Idan ya rasu, shari'ar Musulunci ta gabatar da biyan bashi a kan rabon gado, kuma magada na ɗaukar wannan da muhimmanci saboda abin da ya shafi makomar mamaci. Amma sai su tarar da adadin da yawancinsa ruwa ne, wanda addini ya haramta, kuma kotun da za ta yi hukunci a kai ba kotun shari'ar Musulunci ba ce.

Fiƙihu ya san jingina, ya kuma yarda a sayar da abin da aka jinginar don biyan bashi, amma rarar kuɗin ta mai kaya ce. A kan wannan batu na rara, dokar Turawa ma haka ta ce. Bambancin yana wajen girman bashin da kansa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, ya samu karɓuwa. A cinikin murabaha ana yanke farashi tun farko, ba ya ƙaruwa saboda jinkiri. Amma su ma bankunan Musulunci suna karɓar jingina, kuma suna bin kuɗinsu idan aka kasa biya.

Inda gyara zai fito

Wasu jihohi sun riga sun bar tsohuwar dokar. Legas ta yi tata dokar jingina a 2010, Kaduna kuma ta yi a 2017. Dokar kamfanoni ta 2020 ta kawo hanyoyin ceto kamfanin da bashi ya yi wa katutu, ta yadda za a naɗa mai kula da shi ya ci gaba da aiki ko a yi sulhu da masu bin bashi kafin a kai ga wargaza shi. Dokar 2017 ta jinginar kayan da ake iya ɗagawa ta ba da damar yin rajistar injina da haja a matsayin jingina, abin da zai iya rage buƙatar kawo takardar gida.

Abin da ya rage a hannun Kano shi ne abin da kundin tsarin mulki ya bar wa jihohi: dokar jingina da ta gwanjo, rajistar filaye, da saurin fitar da amincewar gwamna. Doka ta jiha za ta iya wajabta gargaɗin da ba a iya sokewa a cikin yarjejeniya, da ƙiyasin farashi daga ƙwararre mai zaman kansa, da tantance lissafin asusu kafin gwanjo, da haramta wa jami'an banki da danginsu sayen abin da bankinsu ke sayarwa. A ɗaya ɓangaren kuma za ta iya yanke wa'adin da shari'ar jingina ba za ta wuce ba, domin kada mai bashi ya mayar da kotu mafaka.

Majalisar dokokin jihar ce ke da hurumin yin wannan, ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da majalisar 'yan kasuwa ta KACCIMA kuma su ne mambobinsu suka fi kowa sanin inda takardun jingina ke ciwo.